Ciwon Tiroyid da Juna Biyu: Tambayoyin da Mata Suka Fi Yi a Wajen Awo

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa a layin awo a Garwa, Marwa da Ngaundere. Wasu daga bakin matan suke, wasu kuma mazajensu ne ke kawowa bayan an miƙa musu takardar labo da Faransanci sun juya ta gaba da baya ba su gane komai ba. Adadin magani da aka ambata a nan don fahimta ne kawai. Naki adadin, likitan da ya ga sakamakon jininki ne zai yanke.

1. Mece ce tiroyid? Ita ce maƙoƙo?

Tiroyid wata 'yar tsoka ce mai laushi a gaban wuya, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, ta rungumi maƙogwaro dama da hagu. Nauyinta a jikin babba bai cika wuce giram 25 ba, kuma kowa da tasa, mace da namiji. Aikinta shi ne ta ɗebi aidin daga abin da muka ci, ta haɗa sinadarai biyu, T4 da T3, ta zuba su cikin jini. Su ke ƙayyade saurin bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, har da kaifin tunani. Kamar itace ne a murhu: ya yi yawa tuwo ya ƙone, ya yi kaɗan a kai dare ba a sauke ba.

Maƙoƙo kuwa kumburin tiroyid ne. Mace na iya ɗauke da maƙoƙo shekara da shekaru tiroyid ɗinta na aiki daidai, wata kuma wuyanta sumul amma ciwon yana cin ta. Don haka ba a yanke hukunci da kallon wuya.

2. Me ciki ke yi wa tiroyid?

Yana ƙara mata aiki da wajen kashi 50 cikin 100, buƙatar aidin ma ta ƙaru haka. Jinin mai ciki yana ɗaure sinadarin fiye da da, ƙoda na zubar da aidin da yawa a fitsari, ga kuma na cikin ciki yana jiran rabonsa. Inda aidin ya wadata tiroyid na ƙara girma kaɗan, kamar kashi 10 cikin 100, ba ma a lura. Inda ya yi ƙaranci takan ƙaru da kashi 20 zuwa 40. Wannan ne dalilin da kike jin mace ta ce, "Ai da cikin wane wuyana ya fara tashi, kowane ciki kuma sai ya ƙaru."

3. Cikina bai fi wata biyu ba. Ba sai ya fito in fara zuwa asibiti ba?

Nan ne al'adarmu da wannan ciwo suka yi hannun riga. Mu ba ma faɗin ciki da wuri. Ga kunya, musamman a cikin fari, ga tsoron baki, ga kishiya da ba a so ta ji. Sai ya kai wata biyar zane ya ƙi ɗauruwa sannan a nemi katin awo. To, tiroyid ɗin jariri ba ta fara ɗibar aidin sai wajen mako 10 zuwa 12, kuma ba ta tsayawa da ƙafarta sosai sai mako 18 zuwa 20. Kafin nan, duk sinadarin da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa da shi daga jininki yake tsallakawa ta mabiyiya. Wato watannin da kike ɓoyewa su ne waɗanda ya fi dogara da ke.

Ba a ce ki yi shela a unguwa ba. Ki faɗa wa maigida, ki faɗa wa ungozomar asibiti, ya isa. Mai lafiya ma zuwa da wuri ya fi mata. Wadda kuwa ta san tana da ciwon tiroyid, ko tana shan maganinsa, makon da ta ga layi biyu a gwajin fitsari shi ne makon zuwanta (duba tambaya ta 7 da ta 10).

4. Yaya zan bambanta ciwon tiroyid da laulayin ciki?

Da wuya, gaskiya. Kasala, barci, faɗuwar gaba, taurin bayan gida, duk kayan ciki ne. Ga zafinmu kuma. A watan Afrilu a Garwa, ana sama da digiri 40, kowace mace a kan benci tana fifita da katin awonta, wa zai ce gumin wance na ciwo ne? Wadda ke ɗaukar hankalin ungozoma ita ce ta gefe can da ta lulluɓa da mayafi biyu tana cewa a kashe fanka, fuskarta a kumbure, fatarta ta bushe kamar lokacin hunturu, muryarta ta dushe, a yi mata tambaya sai ta jima kafin ta amsa. Wannan kamannin tiroyid mai rauni ne.

Mai aiki fiye da kima kuma akasin haka take. Tana ci kamar gara amma sikeli ba ya motsi, ko ma yana komawa baya. Zuciya na bugawa sama da 100 a minti ko tana kwance, hannu na rawa har shayi ya zube, barci ya ƙaurace, faɗa ya yi yawa, wani lokaci idanu su firfito. Duk da haka alamu zato kawai suke bayarwa, jini ne ke raba gardama.

5. Wane gwaji ake yi, wa ya kamata ta yi, kuma yaya ake karanta shi?

Gwajin farko shi ne TSH. Sinadari ne da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yana umartar tiroyid ta yi aiki. Abin da ke rikita mutane shi ne a juye ake karanta shi: TSH ya hau, tiroyid ta yi rauni, ana ta yi mata tsawa, TSH ya faɗi ƙasa sosai, tiroyid ta wuce gona da iri. An sha ganin maigida ya duba takarda ya ce alhamdu lillahi abin ya ƙaru, alhali nan matsalar take. Bayan TSH akan ƙara T4, za ki ga an rubuta T4L a takarda. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin tiroyid ta Amurka ta fitar a 2017 ta ɗauki 4.0 a matsayin iyakar sama ta TSH a farkon ciki inda labo ba shi da ma'auninsa na masu ciki. Abin da ya haura 10 kuwa ana ba shi magani ba jayayya.

Waɗanda bai kamata su tsallake gwajin ba: mai maƙoƙo, wadda aka taɓa yi wa aikin tiroyid, wadda uwa ko 'yar'uwarta ke da ciwon, mai ciwon suga irin wanda ke farawa tun ƙuruciya, wadda ta yi ɓari fiye da sau ɗaya ko ta haifi bakwaini, da wadda ta daɗe tana neman haihuwa. Ba sai da azumi ake ɗibar jinin ba. Ƙananan asibitocin ƙauye galibi ba su da na'urar, sai manyan asibitoci da labo na birane, kuma Cibiyar Pasteur na da reshe a Garwa. Mai riƙe da cek sante, takardar nan ta rangwamen awo da haihuwa ta sefa 6000, ta tambayi ungozoma tun farko ko gwajin na ciki ko daban za a biya, don maigida ya shirya.

6. An ce tiroyid ɗina ta yi rauni. Me zai samu cikin?

In ba a yi magani ba, akwai haɗarin ɓari, hawan jini na ciki wanda kan kai ga jijjiga, ƙarancin jini, haihuwar bakwaini, jariri maras nauyi, da tauyewar basirar yaro. In an yi magani da wuri kuma TSH ya daidaita, cikin kan tafi kamar na kowa. Rauni bayyananne ba ya wuce mace 3 zuwa 5 cikin 1000 masu ciki, mai sauƙin da gwaji kawai ke nunawa kuma kan kai 2 zuwa 3 cikin 100.

Dalilai biyu ne manya. Ɗaya ƙarancin aidin (tambaya ta 12). Ɗayan kuma ciwon Hashimoto, sunan likitan Japan da ya bayyana shi a 1912, inda garkuwar jiki ke juyowa ta riƙa cin tiroyid a hankali. Gwajin anti-TPO ne ke nuna shi. Maganin ƙwaya ɗaya ce a rana, levotiroksin, wadda a farmasi aka fi sani da Levothyrox ko Euthyrox. Irin sinadarin da jikinki ya kasa yi ne aka mayar miki, ba baƙon abu ba ne ga jariri.

7. Ina shan Levothyrox tun kafin ciki. Uwar mijina ta ce in ajiye duk wani magani. In daina?

Kada ki daina, ko na kwana ɗaya. Hajiya ba ta yi ƙarya ba, magunguna da yawa na cutar da ɗan tayi, amma wannan ajiye shi ne ke cutarwa. Ƙari ma ake yi. Da zarar ciki ya tabbata ana ɗaga adadin da kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Hanya mai sauƙi da likitoci ke koyarwa ita ce ƙarin ƙwaya 2 a mako, wato 9 maimakon 7: misali Litinin da Alhamis ki sha biyu-biyu. Ki nemi likitanki cikin makon nan ya tabbatar miki da hakan. Wadda aka cire wa tiroyid gaba ɗaya takan buƙaci ƙarin da ya fi haka.

Daga nan ana auna TSH duk mako 4 har ciki ya kai rabi, sannan a sake aƙalla sau ɗaya wajen mako 30, ana neman ya zauna ƙasa da 2.5. In maganar ta yi miki nauyi tsakaninki da surukarki, ki bar wa maigida, ko ku tafi awo tare ta ji daga bakin ungozoma.

8. Ina sha kullum amma TSH ya ƙi sauka. Me ke faruwa?

Sau da yawa laifin yadda ake sha ne. Ranar awon farko an ba ki jar ƙwayar ƙarin jini, kin haɗa ta da Levothyrox a leda ɗaya, da safe ki watsa su baki tare ki bi da kunu. Ƙarfen da ke cikin jar ƙwayar yana kama levotiroksin a hanji ya hana ta shiga jini. Haka ƙwayar kalsiyam da farin maganin ƙwannafi. Ki raba su da awa 4. Levotiroksin da asuba, da ruwa zalla, ciki ba komai, sai bayan minti 30 zuwa 60 ki karya. Jar ƙwayar ta bari sai azahar ko dare. Madara, kindirmo, kofi da awara su ma suna rage shigarta in an haɗa su lokaci ɗaya.

Sai ajiya. Ƙwayar ba ta son zafi, haske da laima, a jikin kwalinta ma an rubuta kada a wuce digiri 25. Wadda ta wuni a tiren mai talla a rana a kasuwa, Allah kaɗai ya san abin da ya rage a cikinta. Ki saya a farmasi, ki bar ta cikin takardarta, ki ajiye a wuri mafi sanyi a ɗaki, nesa da taga da murhu.

Ga azumi kuma, shari'a ta yi wa mai ciki rangwame. Wadda ta zaɓi yi da yardar likita, ta sha ƙwayar da zarar ta tashi sahur ta ɗan jira kafin ta ci, ko kuma lokacin kwanciya bayan awa 3 da cin abinci.

9. Amai ya hana ni sakat, an auna an ce TSH ya yi ƙasa. Ciwon tiroyid ne?

Ba lallai ba. Sinadarin ciki, hCG, wanda ke fito da layi biyu a gwajin fitsari, ya yi kama da TSH, sai ya riƙa zungurar tiroyid. Yana kai ƙololuwa wajen mako 10 zuwa 12, ya fi yawa ga mai tagwaye da mai amai mai tsanani. Wannan kan lafa da kansa kafin mako 20, ba a ba shi maganin rage aikin tiroyid. Ƙarin ruwa da maganin amai ake yi. Abin da likita zai bincika shi ne ko akwai maƙoƙo, firfitowar ido, ko alamun tun kafin ciki, don kada a rikita shi da na tambaya ta gaba.

10. Mene ne Basedow, kuma maganinsa ba ya taɓa jariri?

Shi ne babban dalilin tiroyid mai aiki fiye da kima a mata masu shekarun haihuwa, yana samun kamar ciki 2 cikin 1000. Likitocinmu na ɓangaren Faransanci suna ce masa Basedow, sunan likitan Jamus da ya bayyana shi a 1840. Wadda ta je asibiti a Yola ko Maiduguri za ta ji an ce Graves, likitan Dublin da ya riga shi a 1835. Ciwo ɗaya ne. Garkuwar jiki ce ke ƙera wasu sinadarai, TRAb, masu tilasta wa tiroyid aiki ba hutu. Barinsa ba magani na kawo ɓari, jijjiga, bakwaini, da gazawar zuciya.

A nan maganar magani na buƙatar hankali. Karbimazol, wanda ake sayarwa da sunan Néo-Mercazole, yana iya jawo nakasa in an sha shi tsakanin mako 6 da 10: wani wuri a fatar kai ya ƙi rufewa, ko hanci ko hanyar abinci ta toshe. Shi ya sa a watanni ukun farko ake fifita wani maganin mai suna PTU, daga baya likita ya duba ko za a koma, domin PTU kuma yana iya taɓa hantar uwa. Ana ba da mafi ƙarancin adadin da zai riƙe ciwon, don maganin na tsallakawa ya danne tiroyid ɗin jariri. Sau da yawa ciwon kan yi sauƙi a ƙarshen ciki har a rage maganin, sai ya dawo bayan haihuwa.

Maganin aidin mai tururin nukiliya, wanda shi ma ake yi wa Basedow, an hana shi ga mai ciki da mai shayarwa. Wadda aka taɓa ba ta shi, ko aka yi wa tiyata saboda Basedow, ta faɗa a wajen awo ko da ta warke tuntuni, domin TRAb na iya zama a jininta ya kai ga jaririn.

11. Ina kan karbimazol sai ga zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. In sha maganin cizon sauro?

A'a, ki dakatar da ƙwayar ki tafi asibiti a ranar, ki ce a yi miki NFS, gwajin ƙirga ƙwayoyin jini. Karbimazol da PTU kan iya share fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki. Abin ba ya kai mutum 1 cikin 100, amma yana kisa, kuma da damina kowa zai ce miki sauro ne. A auna duka biyun. Mai shan PTU da ta ga idonta ya yi ɗorawa ko fitsari ya yi duhu, ita ma haka za ta yi.

12. Wane abinci zan ci? Gaskiya ne gero da rogo na kawo maƙoƙo?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar maikurogiram 150 na aidin a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Yankinmu nesa yake da teku, kifin Binuwai da na Logon ba su kai na teku aidin ba, don haka gishiri ne madogararmu. Kamaru ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1991, kuma Farfesa Daniel Lantum na cikin waɗanda suka tsaya a kan wannan aiki. Ki nemi wanda aka rubuta wa "sel iodé" a jikin leda. Manda da balma da sauran gishirin gargajiya ba a sa musu. Wanda aka zube a buɗaɗɗen faranti yana shan rana da laima ma ƙarfinsa na raguwa, ki zuba naki a gwangwani mai murfi. Ba a ce ki ƙara yawan gishiri ba, giram 5 a rana ne iyaka, ingancinsa ake magana. Ƙwai da madara suna taimakawa.

Maganar gero da rogo akwai ƙamshin gaskiya. Rogon da ba a jiƙa ba, ba a shanya shi sosai ba, yana barin wani sinadari mai hana tiroyid ɗibar aidin, kuma binciken da aka yi a Darfur ya danganta yawan maƙoƙo da dogaro ga gero. Amma illarsu na fitowa ne inda aidin ya riga ya yi ƙaranci. Ba wanda zai raba ki da fura, ki gyara gishirin. Aidin mai yawa ma matsala ne: kada ya haura maikurogiram 500 a rana, kuma kada a riƙa shafa Bétadine, maganin wanke rauni mai aidin, kullum a jikin mai ciki ko cibiyar jariri.

13. Maƙoƙona ya ƙaru da cikin nan. A kai ni wajen wanzami ko a yi tiyata?

Tsaga ba ta rage shi, tabo da ƙwayar cuta kawai take ƙarawa, kuma wurin cike yake da manyan jijiyoyin jini. Ba jifa ba ne. Hoton eko na wuya ba ya cutar da ciki, haka ɗibar ƙullin da siririyar allura in likita ya ga dalili. Yawancin tiyata na jira sai bayan haihuwa. In dole ce, tsakiyar ciki ake zaɓa, wata na 4 zuwa na 6. Numfashi na sarƙewa in kin kwanta, haɗiya na wuya, ko murya ta canza, wannan ba na jira ba ne.

14. Bayan na haihu fa? Zan iya shayarwa?

Ƙwarai. Levotiroksin ba ta hana nono, rashinta ne ma ke rage shi. Ana komawa adadin kafin ciki, a auna TSH bayan mako 6, wato daidai lokacin arba'in. Karbimazol da PTU ma ana shayarwa da su a matsakaicin adadi, a sha bayan yaro ya gama tsotso.

Akwai wani da ba a cika faɗa ba. Kamar mace 5 cikin 100 kan samu kumburin tiroyid cikin shekarar da ta haihu. Yana farawa da bugun zuciya da rama da saurin fushi, daga baya, wajen wata 4 zuwa 8, ya juye zuwa kasala, sanyi, zubewar gashi da baƙin ciki. A gida sai a ce wahalar goyo ce, ko ba ta yi wankan jego da kyau ba, ko iska ce. Yawanci yana warkewa cikin shekara, wasu kuma raunin ya zauna musu. Wadda ta taɓa yi, kusan kashi 70 cikin 100 yana dawo mata a haihuwa ta gaba.

15. Me zan lura da shi a jikin jaririn?

Jariri 1 cikin 2000 zuwa 4000 ana haifarsa da tiroyid maras aiki, ko da uwarsa lafiya lau take. Abin tausayi, shi ne wanda 'yan barka ke yabo: "Kai, yaron nan akwai haƙuri, ba ya kuka." Barci ba tashi, tsotso da ƙyar, shawara ta wuce mako 2, bayan gida da wuya, harshe babba, cibiya ta bulluƙo. In aka fara ba shi magani cikin makonni 2 na farko basirarsa kan tsira, jinkiri kuwa ba ya gyaruwa. Jaririn mai Basedow kuma akasin haka ake tsoro: zuciya na gudu, rashin natsuwa, yana sha amma ba ya ƙiba, wani lokaci sai bayan kwanaki alamun ke fitowa in maganin uwa ya bar jikinsa. Duk mai ciwon tiroyid ta nemi a auna jinin jaririnta tsakanin kwana 3 da 5, kafin hidimar suna ta ɗauke hankalin gida.

16. Ina son wani cikin. Yaushe zan fara shiri?

Kafin ki ajiye tazarar haihuwa. Mai shan levotiroksin ta auna TSH, a gyara adadin ya sauka ƙasa da 2.5, kuma ta tambayi likita tun yanzu ranakun da za ta ninka ƙwayar in ciki ya shiga (tambaya ta 7). Mai Basedow ta jira sai sakamako biyu a jere sun fito daidai, su kuma daidaita da likita kan komawa PTU. Wadda aka ba aidin mai tururi ta jira wata 6. Takardun labo na cikin da ya wuce kada su tafi ƙunshin ƙosai, ki haɗa su da katin awo a leda ɗaya ki tafi da su.